Godiyar da Aka Ce In Tsaya In Yi

Litinin, 8 ga Disamba, da yamma

Matar Fasto ta zo yau, da lemo a leda da murmushin nan nata da ba ya gajiya. Ta gaida mijina, Baban Gajera, a kan kujerarsa, ta shafa filastar ƙafarsa, ta ce, "Kai dai shaida ne mai tafiya." Mai tafiya! Mutumin da sai na riƙe shi kafin ya kai bayan gida.

Sai ta ja ni kicin. Wai Lahadin farko na sabuwar shekara za a yi sujadar godiya, dattawa sun zauna sun ga babu wanda ya fi ni cancantar tsayawa gaban ikilisiya ya ba da shaida.

"Kin tuna azumin da muka yi yana asibiti? Ubangiji ya ji mu. Duk wanda ya ga motar nan ya san hannun Allah ne. Dole a mayar masa da ɗaukaka, 'yar'uwa."

Na ce, "Mama Fasto, mutum biyu ne a motar."

Ta ce ta sani, ta sani. Ta ce Auta yana wuri mafi kyau. Ta kama hannuna da hannu biyu tana matsawa har zobena ya shige mini nama.

Wuri mafi kyau. Ƙanena da na goya a bayana. Ya fita da mijina da safe a watan jiya, za su ja wayar lantarki a wani sabon gida bayan gari, ya leƙo kicin ɗin nan ya ce, "Yaya, a ajiye mini nawa." Mijina ne ke tuƙi. Iyakar abin da zan rubuta ke nan.

Na ce mata zan yi tunani. Da ta tafi na wanke kofin da ta sha ruwa har sau nawa ban sani ba.

Talata, 9 ga Disamba, hutun rana, a shago

Watan nan kowa kalanda yake so. Coci-coci, makarantu, har mai sayar da taya. Ni ke jera shafuka a kwamfuta, Mai Inji ya buga, masu yanka su yanke su ɗaure da waya. Tun safe kalma ɗaya nake bugawa: albarka. Shekarar albarka. Ruwan albarka. Albarka ninki biyu. Wani ya ce in sa masa tasa da ruwan zinariya, in ƙara mata girma. Na ƙara har ta rufe rabin fuskar matarsa. Ya ce yauwa, haka yake so.

Na cocinmu ma ya iso: Shekarar Albarka Mai Yalwa. Ban buɗe hotunan ba tukuna.

Laraba, 10 ga Disamba, da sassafe

Na naɗe filastar da leda, na zaunar da shi a kan bokitin da na kifa, na yi masa wanka. Na miƙa sabulu, "Sannu, Maman Gajera." Na zuba ruwa, "Sannu." Na kawo tawul, "Na gode." Mutumin da a da ko shayi na ba shi sai ya ce sukari ya yi kaɗan don dai ya ja ni da faɗa mu yi dariya. Yanzu ba shi da wata magana sai sannu da na gode, idonsa a ƙasa kamar baƙon da ya kwana ya wuce ranar tafiyarsa.

Ina cuɗa masa baya ina kallon ƙeyarsa. Akwai tambaya a bakina. Tun asibiti take nan. Na cuɗa da ƙarfi har fatar ta yi ja, bai ce uffan ba. Da ya ce "a hankali mana" da na ji sanyi.

Alhamis, 11 ga Disamba, da rana

An ce in yi godiya.

Juma'a, 12 ga Disamba, da yamma

Na kai wa Mama abinci bayan tashi daga aiki. Na jiya yana nan kan tebur yadda na bar shi, ko murfin ba a ɗaga ba. Ba ta cin abin da aka dafa a gidan da mijina yake ciki. Ba ta faɗa ba, amma ni ba yarinya ba ce.

Na same ta a ɗakin Auta tana goge rigunansa. Rigunan da ta goge makon jiya.

"Gajera fa?"

"Tana lafiya, Mama. Sun kusa hutu."

"Ke fa?"

"Ina nan."

Ta juya wuyan riga ta ɗora dutsen guga. Na jira tambaya ta uku, ba ta zo ba. Na ce likita ya ce ƙashin ya fara haɗewa.

"Ban tambaye ki ba."

"Mama, mijina ne."

"Ni kuma ɗana ne."

Na kwashi kwanon jiya na fito. A can gidana ni ce yayar wanda bai dawo ba, ina tafiya a hankali kada in tayar wa mai ciwo da hankali. A nan kuma ni ce matar wanda ya dawo. To ina zan zauna in yi nawa kukan? A bakin titi? Na zubar da abincin a kwandon shara na ƙofar gida, wata mata ta dube ni kamar na yi saɓo. Ki duba da kyau, baiwar Allah.

Lahadi, 14 ga Disamba, da tsakar rana

Na je sujada saboda Gajera ta nace. Har sun sami sabon mai kaɗa gita. A wurin da Auta ke tsayawa yake tsaye, gefen hagu kusa da taga, kuma gitar ce dai, ta coci ce na sani, ba sai an tuna mini ba. Ko igiyar ratayawar ba su canza ba, wadda ni na ɗinke masa inda ta tsinke. Yaron bai yi mini laifin komai ba. Na tsane shi har cikin haƙorana.

Da aka ce a gaisa da juna, mata suka yi mini caa. "Mun gode Allah da ya tsaya nan." "Da ya fi haka fa?" "Ki dubi abin da aka bar miki." Wata ta ce da ita ce da ta yi rawa tun daga ƙofa har bagade. Na ce mata ta yi, fili ne. Na ja hannun Gajera muka fita kafin wa'azi.

Ya tsaya nan. A ina ya tsaya? A kan wa?

Talata, 16 ga Disamba, bayan tashi daga aiki

Yau na buɗe hotunan. Babban hoton da zai zauna saman kalandar na mawaƙa ne, an ɗauka tun farkon shekara. Kowa ya tsaya ƙiƙam ya haɗe fuska irin ta masu tsarki, sai shi a ƙarshen layi, baki buɗe, yana dariyar wani abu da ba a gani. Na daɗe ina kallo har kwamfutar ta yi duhu da kanta.

Da la'asar Dattijon da ke kula da aikin kalandar ya shigo. Ya ja kujera kusa da ni, ya yi gyaran murya, ya sake yi.

"'Yata, akwai ɗan gyara. Hoton nan. Tun da a gefe yake, ai za ki iya ɗan matso da shi, ki rage nan ɓangaren."

"In rage wa, Baba?"

"Kin gane ai. Kalandar albarka ce. Za ta kwana ta tashi a bangon mutane shekara guda. Ba ma son kowa ya buɗe ido da safe ya ga abin da zai sa shi baƙin ciki. Don ke ma muka yi tunanin, da mahaifiyarki."

Na tambaye shi tun yaushe ƙanena ya zama abin baƙin ciki. Na ce yaron nan tun yana sakandare yake share majami'ar nan ranar Asabar, shi ya ja wayar fitilun da kuke wa'azi a ƙarƙashinsu, ko ruwan sha ba ku ba shi ba. Yanzu ya zama datti a gefen hoto? Muryata ta hau har Mai Inji ya kashe inji.

Manaja ya fito daga ofis yana ba Dattijo haƙuri. Ya ce da ni, "Abin da mai aiki ya ce shi za a yi." Dattijo ya miƙe yana kaɗe wando, ya ce ya yafe mini, zafin rashi ne.

Ya yafe mini. Shi.

Laraba, 17 ga Disamba, da hantsi

Na tura hoton yadda yake. Mai Inji ya ɗaga farantin bugu ya duba a hasken taga, ya dube ni.

"Kin tabbata?"

"Buga."

"In na tayar da injin nan ba ya komawa baya fa."

"Na sani."

Shi Musulmi ne, bai taɓa taka cocinmu ba. Ya sake duban fuskar Auta, ya ce, "Wannan ne yake zuwa ɗaukarki da babur, yana ce mini in buga masa kuɗi? Allah ya ba ku haƙuri." Ya danna maɓalli. Tun da abin ya faru, shi ne mutum na farko da ya yi mini ta'aziyya bai ɗora mata "amma" ba.

Na tsaya ina kallon fuskar tana fitowa, tana fitowa, tana fitowa.

Alhamis, 18 ga Disamba, da rana, a gida

Dattijo ya zo ɗauka, ya gani, ya yi ta faɗa har masu shagon maƙwabta suka leƙo. Ya ce ba za su karɓa ba. Manaja ya ce in ɗauki jakata in zauna a gida har a ga yadda za a yi da asarar takarda. Bai ce kora ba ce, bai ce ba kora ba ce.

Baban Gajera ya ga na dawo da rana, ya ce, "Lafiya?" Na ce lafiya. Ya ce, "Sannu." Na shiga ɗaki na rufe ƙofa kafin in jefe shi da wani abu.

Asabar, 20 ga Disamba, da yamma

Fasto da kansa ya zo. Tun da na ji muryarsa a waje na shirya. Na tanadi amsa ga kowace ayar da zai kawo, na jera su a raina.

Ya zauna wajen Baban Gajera, tsoho da mai karaya, suna kallon bango. Sannan ya zo ƙofar kicin ya tsaya, ya ƙi kujera. Ya ce ya ga kalandar, za a raba ta gobe yadda take, ya kuma kira Manaja. Ya ce maganar shaida kuwa, ba dole, ba wanda zai ja ni gaban mutane.

Da ya tsaya nan da mun rabu lafiya. Ni ce ban bari ba.

"Baba Fasto, kun yi azumi Allah ya ji ku. To shi Auta fa? Don bai kai asibiti ba balle ku samu lokacin yin azumin? Allahn naku sai an ba shi sanarwa tukuna? Ko ya duba motar ne ya ce wannan zan ɗauka, wancan zan bari? Wace irin albarka ce ake yanka wa mutum hannu ɗaya a ce ya tafa da ɗayan?"

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

"Ban sani ba, 'yata."

"Ba ka sani ba? Kai da kake tsayawa kowace Lahadi?"

"Ban sani ba. Ni na yi masa baftisma, ni na tsaya a bakin ramin. Ina tambaya ni ma. Kina gaya wa Allah waɗannan maganganun, ko ni kaɗai kike gaya wa?"

Na ce ba na magana da shi. Ya ce to. Ya sa tabaraunsa ya tafi.

Ya bar ni da faɗana a hannu babu wanda zan ba. Wannan ya fi komai ba ni haushi.

Litinin, 22 ga Disamba, hutun rana

Na koma aiki. Manaja bai dube ni ba. Albarka, albarka, albarka.

Alhamis, 25 ga Disamba, da la'asar

Kirsimeti. Na dafa shinkafa da kaza saboda yarinya. Na aika a ɗauko Mama, ta ce kanta na ciwo. Muka zauna mu uku. Gajera ta ɗauko faranti huɗu bisa sabo, ta tsaya da na huɗun a hannu tana kallona. Auta ne ya sa mata sunan Gajera, duk ranar biki shi yake ɗaga ta sama ya ce bari ta ga duniya.

Ta ce, "Mama, a can ma ana ba su kaza?"

Babanta ya ajiye cokali, ya lalubi sandunansa, ya shiga ɗaki. Na ce mata ci abincinki. Da tsawa na faɗa. Ta ci tana hawaye, ni kuma na zauna ina jin kiɗan maƙwabta ta bango.

Asabar, 27 ga Disamba, da magariba

Gajera na gidan ƙawarta. Ina shanya kaya a igiya, ya fito ya zauna a bakin ƙofa, ya ce, "Sannu da aiki." Nan abin ya tsinke.

Na ce kada ya sake ce mini sannu. Na ce ni ba ma'aikaciyar jinya ba ce. Na ce ya ɗago ido ya dube ni ya gaya mini abin da ya faru a hanyar nan. Barci ka yi? Gudu kake yi? Waya kake dubawa? Tayar da na yi ta ce maka ka canza ce? Uwata ba ta cin abincina, an mai da ni abin nuni a coci, kai kuma kana zaune kana sannu.

Ya ɗago. Rabon da in ga cikin idonsa na manta.

"Ban sani ba, Maman Gajera. Wallahi da na sani da na gaya miki, ko da zai sa ki bar ni. Ina tuna yana ɓare mini lemo, yana ba ni labarin wata yarinya a mawaƙa. Ya miƙo mini. Daga nan sai silin ɗin asibiti. Kullum ina komawa wurin, ina karɓar lemon, babu komai a gaba."

Na yi tsaye da jiƙaƙƙen zane a hannu, ruwa na ɗiga a ƙafata.

Sai ya ce, a hankali, "Da ni ne na tafi ya dawo, da ya fi wa kowa sauƙi."

Ya jira. Na ga yana jira.

Na juya na shanya zanen.

Lahadi, 28 ga Disamba, da rana

Bai ci komai ba. Ban je sujada ba. Ban ce a'a ba, kuma ya ji.

Talata, 30 ga Disamba, da sassafe

Jiya ban iya riƙe biro ba.

Na dawo daga aiki na tarar da ƙofa a buɗe, Gajera na wasa a gidan maƙwabta, kujerarsa babu kowa, sandunan ba sa nan. Wayarsa na kan tebur. Na duba bayan gida, na duba bayan ɗaki. Mutumin da ko ƙofar waje bai taka ba tun da aka sallame shi.

Na fita ko ɗankwali babu. Mai shagon kan kwana ya ce ya gan shi tun da rana ya yi wajen babban titi, ya yi masa magana bai amsa ba. Babban titi, inda manyan motoci ke wucewa. Akwai gada a can. Maganarsa ta ranar Asabar ta dawo mini daidai yadda ya faɗe ta.

Na yi gudu. Ni da nake ce ba na magana da Allah, a tsakiyar titi na buɗe baki, mutane na kallo. Ba addu'a mai kyau ba ce. Cewa nake, "Kada ka kuskura. Ka ji ni? Kada ka kuskura ka ɗauke mini wannan ma. Ka bar mini shi. Yesu, ka bar mini shi." Takalmina ɗaya ya tsinke na bar shi a wurin.

Ba ya kan gadar. Na leƙa ƙasa, ban san abin da idona ya gani ba. Wata mai sayar da ayaba ta ce wani mai sanduna ya tsallaka tun ɗazu, ya faɗi sau ɗaya an ɗaga shi, ya shiga layin makarantar firamare.

Layin gidanmu ke nan. Gidan Mama.

Yana zaune a ƙasa a bakin ƙofarta, ƙafar a miƙe cikin ƙura, filastar ta tsage wajen diddige, gumi ya jiƙa rigar, hammatarsa duk ta saɓule. Ƙofa a rufe. Maƙwabta sun ce tun da ya iso ya ƙwanƙwasa, ta leƙo ta taga ta gan shi, ta ja labule. Bai sake ƙwanƙwasawa ba, bai kuma tashi ba.

Na durƙusa na kama wuyan rigarsa. Na zage shi. Na ce kai wane irin mugu ne, ka fita ba waya? Na ce kana so ka kashe ni? Na doki ƙirjinsa. Sannan na faɗi abin da ya kamata in faɗa a gaban igiyar shanya. Na ce a'a. Na ce bai fi sauƙi ba, ba zai taɓa fin sauƙi ba, kada ya sake faɗa. Ya sa kansa a kafaɗata ya yi kuka irin na manya, mai fita da ƙyar.

Muna haka muka ji sakata. Mama ta fito da ƙaramar kujera. Ba ta dube shi ba. Ta ajiye, ta sunkuya, ta ɗaga ƙafar da hannunta biyu ta ɗora a kai.

"Ba a barin karaya a ƙasa," ta ce da ni, ba da shi ba. "Ba ki da hankali ne?"

Ya ce, "Mama..."

Ta koma ciki ta rufe ƙofa. Amma ban ji sakatar ba.

Alhamis, 1 ga Janairu, da hantsi

Sabuwar shekara. An sake masa filasta, likita ya yi mana faɗa mu biyu kamar yara. Da safe na ba shi shayi, ya kurɓa, ya ɓata fuska, ya ce, "Sukarin gidan nan ya ƙare ne?" Na shiga kicin na tsaya na riƙe bakin tebur.

Ina jin haushi har yanzu. Ban ga ranar da zai tafi ba. Amma na ga gadar nan babu mijina a kai, kuma na san abin da ya fito daga bakina a lokacin, ban shirya shi ba, ba wanda ya ce in faɗa. Na gode. Haushin da godiyar suna zaune a ƙirji ɗaya, ba wanda ya tashi ya ba wani wuri.

Na aika wa Matar Fasto cewa zan tsaya. Ta turo mini haleluya har layi uku. Ba ta san me ta saya ba.

Lahadi, 4 ga Janairu, da la'asar

Majami'a ta cika. Mutane sun yi ta fitowa: wannan ya sami aiki, waccan ta haihu bayan shekaru, wani ya gama gini, ana tafi ana guɗa. Ban ji haushinsu ba, abin da ya ba ni mamaki. Da aka kira ni, Matar Fasto ta gabatar da ni da cewa ga wadda Ubangiji ya cika wa ƙoƙo har ya zuba. Baban Gajera na layin gaba da sandunansa. Na karɓi abin magana.

Na ce, "An ce in gode wa Ubangiji saboda mijina. Na gode. Ga shi nan zaune, da safe ya yi mini ƙorafin shayi, kuma babu abin da nake da shi a duniya da zan musanya da wannan ƙorafin." Aka yi dariya, aka fara tafi. Na ɗaga hannu.

"Ban gama ba. Mutum biyu ne a motar. Ɗayan ƙanena ne, kun san shi, yana bangon ɗakunanku yana dariya. Na gode wa Ubangiji da ya ba mu shi. Na gode da kowace ranar da ya cinye mini abinci, da kowace waƙar da ya kaɗa a can kusa da taga. Wannan albarka ce mai yalwa, ba mu san yawanta ba sai yanzu. Amma ban gode da ɗauke shi ba. Ba zan tsaya a gidan Allah in yi ƙarya ba. Ina fushi da Ubangiji, na kuma gaya masa, a tsakiyar titi na gaya masa, bai kore ni ba. Shi ma wannan na gode. Kada wanda ya sake ce mini an gode Allah da ya tsaya nan. In za ku yi godiya tare da ni, ku kira su su biyun."

Ba tafi. Wani yaro ya yi kuka a baya. Murmushin Matar Fasto ya tsaya a fuskarta bai san inda zai nufa ba. Dattijo ya duƙar da kai yana karanta takardar tsarin sujada kamar yau ya fara ganinta. Sai Fasto ya ce "Amin," shi kaɗai, ba da ƙarfi ba. Can wata tsohuwa da ban taɓa jin muryarta ba ta ce amin ita ma, sannan wasu.

A waje tsohuwar ta tare ni. Ta ce nata ɗan ya tafi tun kafin a haife ni, kuma a lokacin an sa ta rawa, ta yi. Ba ta ƙara komai ba, ta gyara mini ɗankwali ta wuce.

Mama ba ta zo ba. Na yi ta duba ƙofa.

Talata, 6 ga Janairu, da yamma

Ina shago wayata ta yi ƙara. Mama. Ba gaisuwa.

"Ki ce wa mijinki fitilar ɗakina ta mutu. Na canza ƙwai bai kama ba."

Na ce Mama, mutumin da ko tsayuwa ba ya iyawa? In kira wani mai gyara mana.

"Na ce miki ki kira wani?"

Muka je da motar haya. Ta ajiye masa kujera a tsakiyar ɗaki, ta ajiye wata ƙarama don ƙafar. Ni aka sa na hau tebur da sukundireba, ni da ban taɓa kwance ko soket ba. Shi yana ƙasa yana cewa jan wayar, ba waccan ba, ja. Ita tana riƙe da ƙafar teburin tana cewa zan faɗo in karye su zama biyu. Na ce duk ku yi mini shiru ko in sauko. Ƙura ta zubo mini a ido, na yi tsaki, na ɗaure wayar.

Ya ce, "Mama, a kunna mu gani."

Ta tsaya da hannu a kan makunni, ba ta danna ba. Ta juyo ta dube shi, karo na farko, ta daɗe tana dubansa.

"Ka rame," ta ce. "Ba ta ba ka abinci ne?"

Ni ina kan tebur, idona cike da ƙura. Ni ce kuma mai laifin.